Sunan da Inna Ba Ta Kira

Shekarun nan wahala muka sha, babu wani daɗin baki da zan yi. Masu cewa da can an fi jin daɗi, su dai suka sani. Ni a Sabo ta Badun aka haife ni, a gidan haya mai ɗaki tara, kuma da aka fara yaƙin basasa ko garin rogo sai an auna mana da gwangwani. Babanmu ɗaurin huhun goro yake yi. Motocin da ke kai goro arewa soja sun kwashe rabinsu, in babu mota kuwa babu aiki. Sai ya wuni a zaure yana kallon ganyen ɗauri yana bushewa. Ina da shekara sha ɗaya lokacin.

Yayana Sule shi ne ɗan fari, ya ba ni shekara takwas. Rana ɗaya ya tafi bariki aka rubuta sunansa, ya dawo da aski ƙwal da takalmin da ya fi ƙafarsa. Bai yi shawara da kowa ba. Ya ɗauki hoto guda a unguwar Mokola cikin kaki ya kawo wa Kaka. Ba a daɗe ba aka zuba su a mota aka yi gabas da su.

Kaka, uwar babanmu, ita ta raine shi tun daga yaye. Haka ake yi da ɗan fari a wurinmu. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ko ciwo yake yi ba ita ke tambaya ba. Kunya ce. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin Inna ta ce Sule ba. "Yaron nan" take cewa, in ta matsu ta ce "na wajen Kaka". Akwai wani mai tallan kifi da ke biyowa ta layinmu, shi ma Sule, sai dai ta aike ni in kira shi. Kaka kuwa bakinta ba ya gajiya: "Sule mijina, mai kawo mini farin goro." Ni "mijin ranar yunwa" take ce mini, wai sai babu na kirki ake haƙuri da ni.

Ranar da zai tafi, Kaka ta yi kuka har bakin titi. Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ya durƙusa ya ce, "Inna, zan tafi." Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Allah ya tsare." Shi ke nan. Na dai ga shinkafar nan sau uku ta tsince ta.

Kafin yaƙi, da an sallame magariba muke kewaye Kaka a bakin murhu, mu da yaran gidan hayar duka. Tana da yadda take buɗewa. Sai ta buga ludayi a ƙasa ta ce, "Ga wata ta iso, wa zai ba ta wuri?" Mu ce, "Ta zauna nan." Tatsuniyarta kuma ba ta rasa waƙa a ciki, waƙar ba ta rasa amshi. Dokarta ɗaya ce: in ta yi waƙa ba a amsa ba, ta tsaya ke nan, ko za a yi kuka da jini. Babban cikin yara shi ke jan amshi, ƙanana su bi. Da Sule ne. Da ya girma abin ya dawo kaina.

Sai talabijin ta raba mu. Wani Bayarabe mai gyaran rediyo a Mokola, Lasisi, ya samu guda. Duk Alhamis bayan magariba ana wani wasan kwaikwayo da Yarabanci, rabinsa magana rabinsa waƙa da ganga. Lasisi yakan juyo da akwatin wajen taga, mu taru a waje kamar ƙuda. Yakan daka mana tsawa da sunan da Yarabawa ke kiran Hausawa: "Ku 'ya'yan Gambari, ku sauka mini daga kan benci!" Mu sauka, ya juya baya mu hau. Mu da aka haifa a Sabo Yarabanci ba ya yi mana wuya.

Labarin wata mata ce mai sayar da agidi a tashar mota. Ɗanta guda, Akanni, ya bi wata mota neman arziki bai dawo ba. Kowane sati sai ta ajiye tire, ta tsaya a bakin tasha ta yi waƙa tana kiran sunansa. Gaskiya ɗaya ce, matar nan ta iya. In ta ja sunan nan, sai ka ji kamar an sa hannu an murɗa maka hanji. Na ga wani Bafulatani mai kawo shanu, wanda ko gaisuwar Yarabanci bai iya ba, ya tsaya da sandarsa yana share ido da bakin rawani. Ba a fassara masa komai ba. Ya dai ji uwa tana kiran ɗa.

In na dawo gida sai in kwashe duka in juye, har da waƙar, ina mayar da ita Hausa yadda na iya. Inna tana kulle, ba ta taɓa ganin talabijin ba. Takan yi kamar ba ta saurare, tana wanke kwano ɗaya har in gama. Amma in na tsallake waƙar sai ta ce, "Yau ba ta yi kiran ba ne?"

Kaka ce mai gardama.

"Tsaya, mijin ranar yunwa. Wancan satin ka ce ɓarawon nan ya sace mata tire. Yau kuma ka ce suna rawa tare. Me ya shiga tsakani?"

"Waƙa ya yi, Kaka, ya tuba."

"Da waƙa? Ya mayar da tiren?"

"Ba a nuna ba."

"Uhm. Direban nan fa da ka ce ya faɗa rami ya mutu?"

"Ya dawo. Ashe bai mutu ba."

"Ashe! Mutane ne suka so barkwancinsa, aka tono shi." Ta tofar da tukar goro. "Waɗannan mutanen naka murya gare su, ban hana su ba. Amma duk inda labari ya zo wurin da ke da wuya, sai su buga ganga su tsallake. Ni waƙata kaya take ɗauka. Inda ta ɗauki labari ba nan take ajiye shi ba. Su tasu wuri ɗaya take juyi kamar akuya a turke."

Na ce hassada ce don ita ba ta da ganga. Ta jefe ni da ludayi.

A shekara ta biyu ta yaƙi Inna ta haifi ƙanwata Talatu. Danginta suna can arewa, hanya babu daɗi, sai Kaka ta ɗauki wankan jego. Safe da yamma tana dafa ruwa a babbar tukunya, tana fyaɗa mata da ganye, har kwana arba'in. Garwashin da ya rage na yamma shi muke kewayewa.

Abin da ban sani ba lokacin, sai daga baya: kwana biyu bayan suna wani direba ya sauka a tashar Ojo, ya nemo babanmu. Ya kawo masa layar Sule da agogonsa. Ya ce a bakin wani kogi aka harbe shi, shi da kansa yana cikin waɗanda suka rufe shi. Baba ya gaya wa Kaka. Kaka ta ce kada a gaya wa mai jego sai ta yi arba'in, kada nono ya ɗauke, ga jaririya ba ƙwari, ga madarar gwangwani ta fi ƙarfinmu. Ta ce, "Ka bar ni da ita. Zan kai ta bakin maganar a hankali."

Wannan tsohuwa, da ta raine shi a bayanta, haka ta haɗiye kukanta wata guda da kwanaki tana dafa ruwa. Ni kuma duk Alhamis ina shigowa da labarin uwar da ɗanta ya kusa dawowa.

A lokacin ta fara wata tatsuniya da ba mu taɓa ji ba, kuma ta yi abin da ba ta saba ba, ta yanka ta gutsi-gutsi. Na yi mata tsiya na ce ta kwaikwayi talabijin. Ba ta jefe ni ba. Ta ce, "E, na kwaikwaya."

Wata mata ce, a garinsu gishiri ya ƙare. Ɗanta ya ce zai haye kogi ya samo. Da yamma sai ta je bakin ruwa ta yi waƙa: "Ruwa, ruwa, kai ka ɗauke shi, ina ka kai shi?" Mu kuma mu ne ruwan. Satin farko amshin da Kaka ta ba mu shi ne, "Yana tafe, yana tafe." Matar ta koma gida ta ɗora tukunya.

Bayan kwanaki, ruwa ya kawo mata takalminsa ɗaya. Ta ce ai ya yi masa yawa ne, ya yar. Kaka ta sauya mana amshi: "Ya yi nisa, ya yi nisa." Daga nan ruwa ya kawo hularsa. Matar ta ce iska ce. Sai sandarsa. Matar ta ɗauka, ta juya ta, kuma ranar ba ta ɗora tukunya ba. Amshi ya koma, "Bai waiwayo ba, bai waiwayo ba."

Ni tatsuniyar ba ta yi mini daɗi ba. Babu kura, babu aljani, babu abin dariya. Na ce, "Kaka, yaushe zai dawo da gishirin?" Ta ce, "Kai dai ja amshi." Inna tana zaune bakin ƙofarta da Talatu a cinya, daga inda hasken garwashi ba ya kaiwa sosai. Ba ta taɓa sa baki ba.

Ranar arba'in ta faɗo Juma'a. Alhamis ɗin kuwa ita ce ranar da za a ƙare wasan Mokola, tun sati biyu ake ta sanarwa. Da la'asar Kaka ta kira ni bayan ɗaki, inda ake tara itace.

"Habu," ta ce. Ba ta kiran sunana sai da dalili. "Yau kada ka je. Yau zan ƙare tawa. Ina son ka ja amshi, kuma ka zauna kusa da uwarka."

"Kaka, yau ne fa na ƙarshe. Taki ki bari gobe mana."

"Gobe ta makara."

"To ƙanana su amsa."

"Ƙanana kai suke bi. Na roƙe ka, mijina."

Mijina ta ce, babu ranar yunwa. Sunan Sule ta ba ni. Da ina da hankali, nan zan gane. Na ce to. Ana sallame magariba na ɗauki buta kamar zan zaga, na ajiye ta a zaure na ruga.

Ranar har kan kwalbati mutane. Aka nuna matar ta tsufa, an shafa mata toka a kai. Ta ajiye tire ta fara kiran nan, muryarta tana karyewa, wurin ya yi tsit. Na rantse ban taɓa jin waƙa irin ta ranar ba. Tana cikin yi sai ga ƙahon mota. Wani ya fito cikin babbar riga, ya faɗi a ƙafarta. Akanni ne. Ganga ta ɓarke. Ɓarawon ya fito yana rawa, direban da ya mutu ya fito yana rawa, kowa ya fito. Ba a ce ga inda ya je ba, ba a ce ga abin da ya hana shi aiko ko da saƙo ba. Mu ma ba mu tambaya ba, muka yi ta tsalle har Lasisi ya manta da bencinsa.

Da gudu na shigo gida, ana kiran isha'i. Kaka tana bakin garwashi, ƙanana uku a gabanta sun yi zuru. Ta kai waƙar ƙarshe ke nan, ta yi ta sau biyu babu mai ja. Ban tsaya na duba fuskar kowa ba. Na wuce gaban Inna na fara zuba: yadda motar ta tsaya, irin rigar, yadda uwar ta rungume shi. Har rawar na gwada.

Inna ta ce, "Da ƙafarsa ya zo?"

"Da ƙafarsa, Inna! Ko ƙwarzane babu."

"Ta kira sunansa a gabansa?"

"Sau bakwai!"

Ta yi murmushi, irin wanda rabona da gani tun kafin yaƙi. Ta ce, "To, madalla. Ta huta." Ta ɗauki Talatu ta shige ɗaki.

Kaka ta ɗebi ruwa a kwano ta zuba wa garwashin. Ta sallami ƙanana ba tare da ta rufe tatsuniyar ba. Da za ta wuce ni sai ta tsaya.

"Duk shekarun nan a ina ya kwana? Me ya ci?"

"Ba su faɗa ba."

"Ba za su faɗa ba. Su an gama, sun wanke toka sun tafi gida." Ta dube ni. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. "Wata guda ina saukar da uwarka tsani ɗaya-ɗaya. Ka zo ka mayar da ita sama."

Da gari ya waye, bayan wankan ƙarshe, Baba ya shiga ɗaki da agogon a hannu. Ina tsakar gida ina jira in ji ihu. Ban ji ba. Na ji ta yi salati, sau ɗaya. Da mata suka cika gidan, Kaka aka kewaye ana yi wa ta'aziyya, don ita ce ta raine shi, ita ce ke da damar kuka. Kuma ta yi, ta yi na wata guda da ta tara. Inna kuwa tana bakin murhu tana dama wa baƙi kunu. In an ce mata "Ya haƙuri?" ta ce "Da godiya." Nono bai ɗauke ba, Talatu ta rayu. Amma murmushin nan ban sake ganinsa ba shekara da shekaru, kuma ni na san wa ya ba ta shi ana gobe za a ƙwace.

Ban sake taka tagar Lasisi ba. Kaka ta ci gaba da tatsuniya wa ƙanana, ban da waccan. Ta rasu bayan yaƙi da kaɗan. Hoton Sule ya koma ƙasan akwatin Baba, da Baba ya rasu akwatin ya dawo ɗakina.

Na yi shekara talatin da wani abu ina jin haushin wasan nan. Na gaji sana'ar Baba, ga bayana nan ya lanƙwashe. 'Ya'yana in sun kunna finafinansu, da na ji an saki kiɗa a tsakiyar magana sai in ɗauki hulata in fita. A ganina duk iri ɗaya ne. Sun iya sa ka kuka, amma ba su iya zama da kai bayan kukan ba. Sai su kawo mota da babbar riga. Kaka ita ba ta da murya, waƙarta kamar ana jan ƙofar kwano, amma ba ta taɓa tsallake wurin da ke da wuya ba. Haka na yanke, na zauna a kai.

Daminar bara Inna ta kwanta, ciwon ƙafa, tana ɗakin da ke kusa da nawa. Wata rana bayan magariba na shiga gaishe ta, ana ruwa a kan kwano. Sai ta ce, "Habu, waƙar nan ta mai agidi, kana tune da ita?"

Na ce, "Inna, ki bar wannan maganar."

"Yi mini."

Ni da furfura, na zauna bakin gado na fara. Da na zo wurin da matar ke jan sunan ɗanta, sai na ji Inna ta riga ni. A hankali ta faɗa, kamar mai taɓa ruwan zafi da yatsa.

"Sule."

Na tsayar da waƙar. Ta sake faɗa, ta ja shi yadda matar ke ja.

Na ce, "Inna, ki yafe mini. Ni na ɓata wa Kaka shiri. Na sa miki rai a banza."

Ta ce, "Kai yaro ne har yau. Ka ɗauka ban sani ba? Tun ranar da tsohuwar nan ta daina cewa mijina na sani. Da takalmi ya zo a ruwa kuwa, ai magana ta ƙare. Kowace yamma tana fyaɗa mini ganye hannunta na rawa. Ta san na sani, ina jin. Amma surukata ce, shi kuma ɗan fari. Ta ina za mu fara?"

"To me ya sa kike tambayata wasan?"

"Don a can ne kaɗai uwa ke kiran ɗanta da suna, a tsakiyar tasha, babu mai cewa ba ta da kunya. In kana yi, ina bin ka a ciki. Na san ƙarya suka yi a ƙarshe. Amma na ji daɗi wata ta samu nata."

Can na tambaye ta ko ta san yadda tatsuniyar Kaka za ta ƙare, tunda babu wanda ya ji amshin ƙarshe.

Ta ce, "Ba ta gaya mini ba. Amma me ya rage ruwa zai ce? 'Koma gida, koma gida.' Shi ke nan ai."

Yanzu ban san wa zan ba gaskiya duka ba. Kaka ta faɗa mata abin da ya faru. Mutanen talabijin, da duk tsallake-tsallakensu da matattunsu masu tashi, sun ara mata baki lokacin da nata ke ɗaure. Har yau ina ganin sun cuci labarin nan, kuma har yau ba na zama in an saki kiɗa. Sai dai na daina cewa ba su yi komai ba. Abin da ke cina shi ne, mu uku muna gida ɗaya, kowa yana lallaɓa kowa, sai da aka yi shekara talatin kafin sunan ya fito.

Washegari da safe, kafin in tafi wurin goro, na buɗe akwatin Baba na ciro hoton. Ya yi ja, gefe ɗaya asu ya ci. Na karɓo ƙusa wajen kafintan layinmu, na buga a bangon ɗakinta, daidai inda idonta ke sauka in ta kwanta. Tana jina, ta juya fuska wajen taga. Ba ta kalla ba ina tsaye. Ba ta kuma ce in cire ba. Na ja mata ƙofa, na tafi aiki.